Toshewar hanci ɓangare guda: abin da ya kamata a sani game da ƙarin maɓuɓɓugar yawu a kogon fuska

Duk shekara idan hunturu ya kankama, mura da haɓo sukan zama ruwan dare. Ƙura ta turnuƙe gari, hanci ya bushe, jama'a su yi ta zarya kemis suna sayen maganin mura da na ɗigawa a hanci. Mafi yawansu sukan warke kafin bazara. Amma a cikin dubban masu wannan kuka akan sami wanda toshewar hancinsa ba ta bin yanayi. Ƙofa ɗaya ce ta toshe, kuma ita ɗin ce kullum. Hunturu ya wuce, damina ta zo ta tafi, abin sai gaba yake yi, wani lokaci ma idan ya fyace majina ya ga ɗigon jini.

Mai irin wannan larura ya wuce batun mura. Daga cikin abubuwan da likita zai so ya bincika akwai wani ƙari da ba kasafai ake ganinsa ba, wanda ke tsirowa daga ƙananan maɓuɓɓugan yawu da ke cikin hanci da kogunan ƙashin fuska. Ba ciwon daji ba ne, kuma ana warkewa daga gare shi. Sai dai girman tiyatar da za a yi wa mutum, da kuɗin da zai kashe, da kamannin fuskarsa bayan aikin, duk sun rataya ne a kan lokacin da aka gano shi.

Me ya kai maɓuɓɓugar yawu cikin hanci?

Jikin ɗan Adam na samar da yawu tsakanin rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a kowace rana. Mafi yawansa na fitowa ne daga manyan maɓuɓɓuga shida, uku a dama uku a hagu. Akwai ta gaban kunne, wadda ita ce mafi girma, ita ce kuma ke kumbura idan yaro ya kamu da hangum. Akwai ta ƙarƙashin muƙamuƙi, sannan ta ƙarƙashin harshe.

Bayan waɗannan akwai ɗaruruwan ƙananan maɓuɓɓuga, kowacce ba ta fi ƙwayar gero ba, da ke warwatse a leɓɓa, da cikin kumatu, da ganɗa, da maƙogwaro. Danginsu suna nan kuma a cikin fatar da ta lulluɓe cikin hanci da kogunan fuska. A can aikinsu shi ne samar da ruwan da ke jiƙa hanci, ya kama ƙura kafin ta isa huhu. Da yake ƙirarsu ɗaya ce da ta maɓuɓɓugan baki, yawancin ire-iren ƙarin da ke fitowa a gaban kunne za su iya fitowa a cikin hanci.

Kogunan fuska kuwa ɗakuna ne na iska a cikin ƙashi, iri huɗu, kowanne dama da hagu. Akwai na goshi, da na tsakanin idanu, da na can ciki bayan hanci kusa da gindin ƙwaƙwalwa, sai na kunci, wanda ya fi sauran girma. Kogon kunci na babban mutum na ɗaukar kimanin mililita 15, wato cikin babban cokali guda. Rufinsa shi ne daɓen gurbin ido, ƙasansa kuma yana dab da saiwoyin haƙoran sama. Wannan fili shi ke ba ƙari damar yin girma shiru na tsawon lokaci, sai ya cika kogon ya fara tura bango kafin mai shi ya san da zamansa.

Wane irin ƙari ne?

Wanda aka fi gani a wannan rukuni shi ne wanda likitoci ke kira filiyomofik adinoma. Sunan daga harshen Girka yake, ma'anarsa ƙarin maɓuɓɓuga mai siffofi da yawa, kuma masanin cututtuka Rupert Willis, ɗan ƙasar Ostireliya, shi ake dangantawa da yaɗa shi. Kafin nan ana kiransa gaurayayyen ƙari, domin idan aka duba shi a madubin ɗakin gwaji akan ga ƙwayoyin maɓuɓɓuga cakuɗe da wani abu mai yauƙi, wani wurin ma kamar guringuntsi.

Gaurayayyen ƙari shi ne ya fi kowane ƙarin maɓuɓɓugar yawu yawa a duniya. Kimanin kashi 80 cikin 100 na masu shi a gaban kunne yake fito musu, a matsayin ƙullutu marar zafi mai girma a hankali. A cikin ƙananan maɓuɓɓuga kuwa ganɗa ce wurin da ya fi so. Fitowarsa a hanci abu ne mai wuya, a kogon kunci kuma ya fi wuya, har ta kai mujallun likitanci sukan buga labarin majinyaci guda ɗaya tak saboda ƙarancin irinsa.

Binciken da har yau ake yawan komawa gare shi shi ne wanda likitoci biyu, Compagno da Wong, suka wallafa a 1977 daga cibiyar binciken cututtuka ta rundunar sojin Amurka, inda suka tattara bayanan majinyata 40. Sun gano cewa mafi yawan ƙarin ya tsiro ne daga shamakin da ya raba ƙofofin hanci biyu, duk da cewa maɓuɓɓugan sun fi yawa a bangon gefe. Alamar da ta fi kai majinyatan asibiti ita ce toshewar hanci. An fi ganin ƙarin tsakanin masu shekara 20 zuwa 60, kuma mata sun ɗan fi maza.

Akwai wasu 'yan'uwansa da ba na daji ba, waɗanda suka fi shi ƙaranci, irin su mayo'efitiliyoma da onkosaitoma. Hanyar gano su da ta magance su kusan ɗaya ce da tasa.

Akwai wata ƙa'ida da ake koya wa ɗaliban likitanci: gwargwadon ƙanƙantar maɓuɓɓuga, gwargwadon yiwuwar ƙarin da ya fito daga cikinta ya kasance na daji. A gaban kunne, kusan huɗu cikin kowane biyar ba na daji ba ne. A ƙananan maɓuɓɓuga abin ya kai kusan rabi da rabi. A cikin hanci da kogunan fuska kuwa, na dajin sun fi yawa. Saboda haka likita ba ya ganin tsiro a hanci ya yanke hukuncin cewa marar illa ne, sai ɗakin gwaji ya tabbatar.

Me ke kawo shi?

Ba a ɗaukarsa daga wani, ba ya bin abinci, kuma mura ko ƙurar hunturu ba sa rikiɗa su zama shi. Tushensa kuskure ne da ke faruwa a ƙwayoyin halittar maɓuɓɓugar kanta. A yawancin irin wannan ƙari masu bincike sukan tarar da sauyi a ɗaya daga cikin ƙwayoyin gado biyu, PLAG1 ko HMGA2, waɗanda ke da hannu wajen umartar ƙwayar halitta ta hayayyafa. Sauyin a cikin ƙarin kaɗai yake, don haka a galibi ba abin da uwa ko uba ke gadar wa 'ya'ya ba ne.

Abin da aka tabbatar yana ƙara haɗarin shi ne haske mai ratsa jiki idan ya yi yawa a kai da wuya. An ga ƙaruwar ƙarin maɓuɓɓugar yawu a cikin waɗanda suka tsira daga bama-baman nukiliya na Hiroshima da Nagasaki a 1945, haka nan a cikin yaran da aka yi wa maganin makero da irin wannan haske a Isra'ila a shekarun 1950. Mafi yawan masu ƙarin dai ba su taɓa haɗuwa da wani abu makamancin haka ba.

Alamomin da ba a yi wa sakaci

Ya kamata a fara da abin da ba matsala ba ne. Hancin mai lafiya yakan yi karɓa-karɓa: ƙofa ɗaya ta ɗan cushe na wasu sa'o'i, sannan ta buɗe ɗayar ta karɓa. Wannan ɗabi'ar jiki ce. Haka kuma mafi yawan masu toshewar ɓangare guda ba ƙari ke damunsu ba. Wasu shamakin hancinsu ne ya karkace. Wasu ruɓaɓɓen haƙorin sama ne ya zuba ƙwayoyin cuta a kogon kunci. Idan ƙaramin yaro ne ke fitar da majina mai wari ta ƙofa ɗaya, sau da yawa wani abu ya cusa, kamar ƙwayar gyaɗa, ko dutsen ado, ko guntun soso.

Abin da ke buƙatar ganin likitan kunne, hanci da maƙogwaro shi ne toshewar da ta tsaya a gefe guda makonni da yawa ba ta jin magani, da haɓon da ke maimaituwa ta ƙofa ɗaya, da raguwar jin ƙamshi, da tsiron da ake iya hangowa a cikin hanci. Idan ƙarin a kogon kunci yake, alamominsa sukan biyo bangon da ya fara turawa. Idan ya yi gaba, kunci ya kumbura. Idan ya yi ƙasa, ganɗa ta bultso ko haƙoran sama su fara girgiɗi. Idan ya yi sama, ido ya turo, ko mutum ya riƙa ganin abu bibbiyu. Idan ya danne hanyar da hawaye ke bi zuwa hanci, ido ɗaya ya yi ta zubar da ruwa.

Gaurayayyen ƙari ba ya cika yin zafi, kuma wannan na daga cikin dalilan da ke sa a yi jinkiri. Zafi mai tsanani, ko mutuwar fatar kunci da leɓen sama, ko girman da ya yi sauri bayan shekaru yana tafiyar hawainiya, alamomi ne da ke sa likita zargin ciwon daji, kuma ba a kwana da su.

Yadda ake gano shi

Matakin farko shi ne leƙa hanci da wata siririyar na'ura mai fitila da kyamara. Cikin 'yan mintoci ake yi, majinyaci na zaune, bayan an fesa maganin kashe zafi. Da ita ake ganin inda tsiron ya samo tushe da yanayin fatarsa. Gaurayayyen ƙari yakan bayyana a matsayin dunƙule mai tauri, mai santsi, lulluɓe da fatar hanci.

Mataki na biyu hoto ne. Hoton CT na nuna ƙashi: shin ƙarin tura shi ya yi har ya siranta, kamar yadda marar daji ke yi, ko kuwa cinye shi ya yi? Hoton MRI kuma na bambanta naman ƙari da majinar da ta taru a bayansa, ya kuma nuna kusancinsa da ido da ƙwaƙwalwa.

Mataki na uku shi ne yanko ɗan ƙaramin nama a kai ɗakin gwaji. Da gangan ake gabatar da hoto kafin yanka. Akwai wani tsiro mai cike da jijiyoyin jini da ke fito wa samari masu tasowa a bayan hanci, wanda idan aka taɓa shi da wuƙa zai iya zubar da jinin da zai kai ga rasa rai. Akwai kuma yaran da ake haifa da wani ɓangare na rigar ƙwaƙwalwa ya zurmo cikin hanci, ya yi kama da tsiro. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa kada a bar wanzami, ko mai kemis, ko wani wanda ba ƙwararre ba ya yanke ko ya ƙona abin da ya fito a hanci.

A ɗakin gwajin ma aikin ba mai sauƙi ba ne. Gaurayayyen ƙarin hanci ya fi na gaban kunne cunkoson ƙwayoyi, abin nan mai kama da guringuntsi kuma ya yi ƙaranci a cikinsa, don haka yana iya kama da ciwon daji a idon mai dubawa, musamman idan naman da aka kawo kaɗan ne. Akan yi amfani da wasu rinuna na musamman domin tantancewa. Kuskure a nan na da tsada ta fuska biyu: ko a yi wa mai ƙari marar daji gagarumar tiyatar da ba ya buƙata, ko a sallami mai ciwon daji da ƙaramin aiki.

Tunda ba ciwon daji ba ne, me zai hana a ƙyale shi?

Dalili na farko shi ne ba ya daina girma, kuma babu ƙwaya, ko allura, ko saiwa, ko hayaƙin da ke narkar da shi. Maganin kashe ƙwayoyin cuta zai iya rage majinar da ta taru a bayansa, mutum ya ji sauƙi na mako biyu ya ɗauka ya warke, alhali ƙarin na nan. Maganin ɗigawa mai buɗe hanci kuwa, idan aka wuce 'yan kwanaki ana amfani da shi, shi kansa yana haddasa wata toshewar.

Dalili na biyu shi ne rikiɗa. Wani ɓangare na irin wannan ƙari kan juya ya zama ciwon daji, kuma haɗarin na ƙaruwa da tsawon zama. Alƙaluman da littattafan likitanci suka saba kawowa, waɗanda aka samo daga nazarin na gaban kunne, sun nuna haɗarin bai kai kashi 2 cikin 100 ba a shekaru biyar na farko, amma yakan kusanci kashi 10 bayan shekara 15. Ciwon dajin da ke fitowa ta wannan hanya na daga cikin masu wuyar magani.

Yadda ake cire shi

Magani ɗaya ne, tiyata, kuma sharaɗinta shi ne a cire ƙarin gaba ɗaya tare da ɗan lafiyayyen naman da ke kewaye da shi. Likitoci sun koyi wannan darasi da wahala. A farkon ƙarni na 20 akan tsaga fata a ƙwaƙulo na gaban kunne kamar yadda ake fitar da ƙwallo daga mangwaro, sai aka ga yana dawowa ga kashi 20 zuwa 45 cikin 100 na majinyata. Daga baya aka gane cewa ɓawonsa ba cikakke ba ne, yana da ƙananan 'yan yatsu da ke kutsawa cikin naman gefe, kuma idan ya fashe yayin aiki ƙwayoyinsa kan zube su tsira a wurare da yawa. Da aka koma cire shi tare da kewayensa, dawowar ta ragu zuwa ƙasa da kashi 5. Na ƙananan maɓuɓɓuga sau da yawa ba shi ma da ɓawon kirki, don haka ƙa'idar ta fi ƙarfi a kansa.

Hanyar shiga ta danganta da girma da wuri. Idan ƙarami ne ko matsakaici, a yau ta ƙofar hanci ake bi da na'urar nan mai kyamara, ba tare da an tsaga fuska ba. Wannan fasaha ta bunƙasa ne daga aikin Walter Messerklinger da Heinz Stammberger a birnin Graz na ƙasar Ostiriya, sannan David Kennedy ya yaɗa ta a Amurka daga tsakiyar shekarun 1980. Majinyaci kan koma gida cikin kwanaki kaɗan, babu tabo a fuska.

Idan ƙarin ya cika kogon kunci, ana iya shiga ta ƙarƙashin leɓen sama a huda bangon gaba na kogon. Ana kiran wannan hanya da sunan likitocin da suka bayyana ta, George Caldwell na Amurka a 1893 da Henri Luc na Faransa a 1897. Idan ya wuce haka, sai a tsaga ta gefen hanci, ko a ɗaga fatar tsakiyar fuska ta cikin baki. A mafi munin hali akan cire wani ɓangare na ƙashin kunci, wani lokaci har da ganɗa da haƙora, sannan a ƙera wa mutum murfin roba da zai raba baki da hanci domin ya iya ci da magana.

Kowace hanya na da nata haɗari: zubar jini, mutuwar fatar kunci na wani lokaci, huda a shamakin hanci, da kuma, a lokuta ƙalilan, rauni ga ido ko yoyon ruwan ƙwaƙwalwa. Gashi da na'urar haske mai ƙarfi ba shi ne maganin farko ba. Akan ajiye shi ne domin wanda ya yi ta dawowa, ko wanda ba a iya cirewa duka ba, ko wanda ya riga ya rikiɗa.

Bayan tiyata akan umarci majinyaci ya riƙa wanke hanci da ruwan gishiri na asibiti, ya kuma riƙa komawa ana dubawa. Wannan ƙari na iya dawowa bayan shekara 10 ko fiye, don haka bibiyar ta shekaru ce. Haƙƙin majinyaci ne ya karɓi sakamakon gwajin naman da aka cire a rubuce, ya tambaya ko an cire shi har da kewayensa, ya kuma adana takardun da hotunan. Duk naman da aka cire daga hanci, komai ƙanƙantarsa, ɗakin gwaji ya kamata ya tafi.

Inda lamarin ya haɗu da siyasar lafiya

A Nijeriya ana samun sassan kula da kunne, hanci da maƙogwaro a asibitocin koyarwa, irin su na Malam Aminu Kano da ke Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da na Maiduguri da Jos. Akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999. Duka a manyan birane suke. Mutumin ƙauye sai ya biya kuɗin mota, da na masauki, da na hoto, da na gwaji, kafin a zo maganar tiyata.

Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar daga aljihun majinyata da danginsu yake fita. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja cewa za su riƙa ware wa lafiya aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu, amma kasafin gwamnatin tarayya ya daɗe yana yawo a kusa da kashi 5. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, tare da tanadin asusu domin masu rauni, sai dai har yanzu mafi yawan 'yan ƙasa ba su da inshorar. Ga kuma ƙwararrun likitoci da ke ci gaba da ficewa ƙasashen waje.

A irin wannan yanayi, ciwon da ba ya zafi shi ake fara ɗagewa. Magidanci mai ƙullutu a hanci zai gabatar da kuɗin makaranta da na abinci, ya ce sai bayan girbi. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: ƙarin da za a cire ta ƙofar hanci a bana, shi ne zai buƙaci cire ƙashin kunci bayan wasu shekaru, da kuɗi ninkin-ba-ninkin.

Wannan ƙari ba zai taɓa shiga jerin manyan cututtukan da ke kashe jama'a ba, kuma ba mai cewa a gina masa asibiti na musamman. Abubuwan da yake buƙata su ne dai waɗanda ciwon dajin hanci da na maƙogwaro ke buƙata: ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi da ya san cewa toshewar gefe guda ta tura wa gaba ce, na'urar leƙa hanci da likitan da ya iya ta a babban asibitin jiha, na'urar hoto mai aiki, ɗakin gwajin da ke fitar da sakamako a kan lokaci, da inshorar da ke biyan waɗannan. Tambayoyi ne da za a iya yi wa kwamishinan lafiya da ɗan majalisar jiha lokacin kare kasafin kuɗi: likitocin kunne, hanci da maƙogwaro nawa jihar ke biya albashi, na'urar CT nawa ke aiki a asibitocinta, kuma mutum nawa hukumar inshorar jihar ta biya wa kuɗin tiyata a bara?